Abin Da Muka Gani A Aji Huɗu Zuwa Shida

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiya ya gabatar a taron iyaye, Sabo, Badun

 

  

A zaman da ya gabata ƙungiya ta ɗora mana nauyin mu shiga makarantun firamare da 'ya'yanmu ke zuwa, mu ga da idonmu abin da ake yi a aji huɗu da biyar da shida, domin a nan ne yaranmu suka fi zubewa. To mun je. Mun nemi izinin shugabannin makarantu, suka ba mu benci a bayan aji, muka zauna tun safe har tashi, kwana biyar. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu 'yan kasuwa ne, allo da Islamiyya muka yi, wasunmu ba su taɓa zama a ajin boko ba sai wannan karon, da furfurarmu.

Kafin ƙarfe 8 an gama taron safe. An yi addu'a, an rera taken ƙasa (wanda aka koma wa tsohon a 2024, mu kanmu ba mu iya shi ba), an duba farce da tufafi, an kira rajista. Daga nan sai lissafi da Turanci, su ne a farkon jadawali, tun ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba. Wannan shi ne abu na farko da ya sosa mana rai. Malama ta riga ta yi bayani ta cika allo, sannan ga namu nan suna shigowa ɗaiɗai, wani ƙarfe 8 da rabi, wani har kusan 9. Wanda ya makara kuma ba aji zai wuce ba, sai ya tsinci shara ko ya yi durƙuso a ƙofa tukuna. Muka tambaye su, wasu suka ce daga makarantar allo suke, wasu ɗebo ruwa, wani ya ce sai da ya buɗe wa mahaifinsa shago ya share. Ke nan darasin da ya fi kowane nauyi a jarrabawa, shi ne kullum yake wuce su.

Bari mu tsaya kan lissafin nan, don ya ba mu mamaki. A aji biyar aka rubuta tambaya a allo, cewa mutum ya sayi kwandon tumatir naira 40,000, ya sayar 46,000, nawa ya ci riba, kuma kashi nawa ne cikin ɗari? Wani yaro namu, ɗan mai gwari, ya yi tsuru da biro a hannu. Lokacin tara muka kira shi muka maimaita masa da Hausa. Wallahi ba mu rufe baki ba ya ce dubu shida, har yana tambaya ko an cire kuɗin dako da la'ada. Da muka ce to a kowace naira ɗari nawa ke nan, ya ɗan yi shiru ya ce sha biyar. Amsar ke nan. Yaron nan ba lissafi ne ya kayar da shi ba, kalmomin Turanci uku ne ko huɗu suka tare masa hanya. Amma a takardar sakamako jan biro za mu gani, mu ce yaro ba shi da kan boko, gara ya zo shago.

Dalilin kuwa a fili yake. A da manufar ilimi ta ƙasa ta ce shekaru ukun farko a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen garin da yake, daga aji huɗu a koma Turanci. A nan harshen gari Yarbanci ne. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai harshen gida har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya ce an janye, Turanci za a yi. Duk yadda suka juya ta, ɗan Sabo lissafinsa ɗaya ne. Hausa a gida, Larabci a allo, Yarbanci a filin wasa, Turanci a littafi. Kuma mun lura in aji ya cije, malama takan juya bayanin da Yarbanci, sai ka ga fuskoki sun washe. Yaranmu da aka haifa a nan sukan bi, don sun fi mu jin Yarbanci. Wanda aka kawo daga Arewa bara ko bana, shi kam yana zaune ne kawai kamar an kai kurma wa'azi. Ba mu ga laifin malamar ba, mutum ɗaya ce a gaban yara sun fi hamsin.

Wani ɗan kwamiti ya ɗaga murya da ya ga ana koya lissafin kuɗin ruwa, ya ce wannan ai riba ce ake cusa wa yara. Muka kai maganar gaban malam, ya ce sanin yadda ake lissafa abu daban, cinsa daban, wanda ma bai san lissafin ba shi ake cuta da shi. Sai kuma malam ya karɓi littafin wani ɗan aji shida, ya ga inda ake neman ƙaramar lambar da 8 da 6 za su raba ba saura, ya yi dariya ya ce wannan ai asalin mas'ala ne na rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya, mata sumuni, uwa sudusi, sai a kasa dukiya 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Abin da muka sha wuya a kansa a babin gado na Risala, shi ne yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ke yi da alli. Haka zakka, ɗaya cikin arba'in, su kashi 2.5 cikin ɗari suke ce mata. Masu cewa boko da karatunmu hanya biyu ce da ba ta haɗuwa, su je su zauna a bencin nan.

A darasin Turanci akwai shifta, malama na faɗa suna rubutawa. Akwai karanta labari a amsa tambayoyi, akwai insha'i da rubuta wasiƙa. A shifta yaranmu ba su da laifi, kunnen da ya saba da hadda yana kama kalma. A insha'i ne ake barinsu, domin an ce ka rubuta abin da ke ranka, kai kuwa ba ka da kalmomin. Littafin karatu ma ɗaya ne tsakanin yara uku ko huɗu, na gefe yana leƙe. Sannan akwai darussa biyu na wasa ƙwaƙwalwa, ɗaya da lambobi ɗaya da kalmomi, waɗanda ke fitowa a jarrabawar shiga sakandare. Su a cikin littafin ake cike amsa, kowa sai da nasa, kuma mafi yawan namu ba a saya masu ba.

Abin dariya kuma abin takaici ya faru a kimiyya. An ce kowane yaro ya shuka wake a gwangwanin madara uku, ɗaya a ba shi ruwa a sa a rana, ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a ɓoye shi a duhu, bayan mako a kawo a gwada. Wata yarinya ta zo hannu rabbana tana kuka. Ashe kakarta ce ta ga gwangwani a ƙarƙashin gado, ta ce wa ya yi mana asiri, ta watsar a kwata. Yarinyar ta rasa makin, kuma irin makin nan na ayyukan aji da na gida ana tara shi ne a haɗa da jarrabawar ƙarshen zango. Da yawanmu ba mu san haka ba. Mun ɗauka in yaro ya je ranar jarrabawa shi ke nan.

Akwai inda muka ji daɗi. A darasin zaman jama'a an buɗe taswira ana maganar abin da Kudu ke aikawa Arewa da abin da Arewa ke aikowa. Aji ya yi shiru, sai wani namu ya miƙe ya jero goro daga Shagamu, manja, shanu da albasa da wake daga sama, har da garuruwan da tirela ke kwana a hanya. Malama ta sa aka tafa masa. Ta ƙara da cewa jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, kuma shi ya buɗe cinikin da ya tara kakanninmu a unguwar nan da aka kafa a 1916. Yaron ya dawo wurin zamansa yana tafiya kamar ɗan sarki.

To iyaye mata, akwai taku. Bayan tara mun ga 'yan mata sun kifa kai a tebur suna barci. Ba lalaci ba ne, tallar dare ce, awara da ɗanwake har goma ta wuce, da asuba kuma a tashe su. A aji huɗu 'yan matanmu suna da yawa, a aji shida sai ka ƙirga su da yatsun hannu. Wata malama, Bayarabiya, ta nuna mana littafin wata yarinya, rubutu kamar na inji, ta ce tun zangon da ya wuce ba ta sake ganinta ba, har ta aika gida aka ce an mayar da ita Arewa. Ta ce mana, Alhaji, ku ne ba kwa zuwa taron iyaye da malamai, da wa za mu yi magana? Ba mu da amsa. Mu ma iyaye maza ba mu fita ba, mu ne ke cewa da yaro ya iya rubuta rasit ya isa. Maƙwabtanmu sun sami ilimin firamare kyauta tun 1955 zamanin Awolowo, na ƙasa baki ɗaya ya zo a 1976, dokar 2004 kuma ta wajabta shekara tara ga kowane yaro har da hukunci kan uban da ya ƙi. Yau in takarda ta zo daga ƙaramar hukuma kan rumfunanmu, ɗan wani muke biya ya karanta mana.

Ga abin da kwamiti ke roƙo. Malaman allo, Allah ya gafarta maku, a sallami 'yan boko ƙarfe 7, mun yi magana da biyu daga cikinku sun amince, karatun da aka rage a cike shi bayan magariba. Kowane uba ya riƙa buɗe jakar ɗansa da dare. Ko ba ka iya karatun ba, kana iya duba kwanan wata a saman shafi, ka ga ko yau an yi rubutu, ko malama ta sa hannu. Samarinmu da suka gama sakandare, mutum huɗu sun yarda za su zauna da 'yan aji biyar da shida ranar Asabar da Lahadi da hantsi a harabar Islamiyya, su warware masu tambayoyin lissafi da Hausa kafin a koma Turancin. Za mu ba su ɗan abin sabulu daga asusun ƙungiya, in taro ya yarda. Littattafan wasa ƙwaƙwalwar nan kuma za mu saye su sari a raba kan kuɗin saye, mai so ya ba ma'aji sunan ɗansa da ajinsa kafin Juma'a. Maganar tallar dare mun bar wa shugabar mata, za ta zauna da ku ranar Laraba bayan la'asar.

Taron iyaye da malamai na gaba, sakatare zai bi layi layi ya sanar, kuma za mu tafi da mai yi mana tafinta.