AMSAR WASIƘUNKU: Me Ya Sa Gidajen Rediyo Ke Komawa Ga Kiɗan Da?

 

A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu wuri ɗaya, domin a kan magana ɗaya suka zo. Ta farko daga wani dattijo ce, manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce ya lura wasu tashoshi sun fara dawo da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da sassafe da kuma bayan isha'i, alhali a 'yan shekarun baya in ya murɗa rediyo ba ya jin komai sai kiɗan fiyano. Yana tambaya, shin masu rediyo tuba suka yi, ko kuwa da wani dalili? Ta biyu kuwa daga wani saurayi ce mai tireda a wajen Gumel, shi ƙorafi ya kawo, wai ana neman a mai da rediyo zauren tsofaffi.

To Baba, da kai da ɗan naka na Gumel, amsar ita ce lissafi. Gidan rediyo kamar rumfar kasuwa yake, sai dai hajarsa kunnuwanku ne, mai sayenta kuwa shi ne mai ba da talla. Duk inda masu sauraro suka fi taruwa, nan kuɗin talla ke bi.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Lokacin da aka buɗe Rediyo Kaduna cikin 1962, da shekaru masu yawa bayan nan, gidajen rediyo duk na gwamnati ne, kuma ba su da yawa. Abin da aka sa, shi yaro da babba za su ji: kalangun Shata, kotson Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo, kuntigin Ɗan Maraya Jos, gurmin Haruna Uji, da ƙwaryar Barmani Coge. Cikin 1992 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshinsu. Raypower ta soma a Legas cikin 1994, Freedom Radio kuma a Kano cikin 2003, daga nan tashoshin FM suka yi ta fitowa a manyan garuruwa. Tasha mai zaman kanta kuwa da kuɗin talla take biyan albashi, da shi take sayen man janareto. Ana cikin haka ga finafinan Hausa sun bunƙasa tun daga Turmin Danya na 1990, waƙoƙinsu sun cika gari. Sai masu tashoshi suka ce ai samari da 'yan mata su suka fi yawa a ƙasa, kowa ya bi su da irin kiɗan da suke so.

Sai dai wayar salula ta shigo cikin 2001, bayanta ga memori, ga intanet. Yau yaron da ke son waƙa ba ya zaman jiran mai gabatarwa ya sa masa. Zai je wajen mai cajin waya a tura masa waƙa ɗari, ya ji wadda ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Da masu rediyo suka duba, su wa suka rage tare da akwatin? Manomin da ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana noma, da makiyayi, da mai shayi, da mai awo a kasuwa, da iyayenmu mata a cikin gida. Daɗin daɗawa, waɗannan ɗin su ke riƙe da lalita. Su ke sayen taki da iri da maganin feshi, su ke sayen babur, su ke biyan kuɗin makaranta. Mai tallar taki kunnen Baba yake nema. In kiɗa ya canza, dole rawa ma ta canza.

Kada ku ɗauka a nan kaɗai ake wannan. Bari in ba ku misali daga Ingila, domin can ana ƙidayar masu sauraro, ana kuma buga sakamakon duk bayan wata uku, saboda haka abin ya fito fili. BBC tana da wata tasha ta cikin gida mai suna Radio 2, wadda aka sani da kiɗan manya. Sannu a hankali sai ta riƙa rage waƙoƙin shekarun 1960 da na 1970 don ta jawo masu ƙarancin shekaru. Wasu tsofaffin ma'aikatan rediyo biyu, Phil Riley da David Lloyd, suka ga an bar gona ba mai nomawa. Cikin Fabrairun 2021 suka buɗe Boom Radio musamman don mutanen da aka haifa tsakanin 1946 da 1964, suka ɗauko dattawan masu gabatarwa, akasarinsu daga ɗakunan gidajensu suke aiki. Zuwa 2023 masu sauraronta a mako sun haura rabin miliyan.

A Maris ɗin 2023 ɗin kuma Ken Bruce, wanda ya yi kimanin shekara 30 yana gabatar da shirin hantsi a Radio 2, yana da masu sauraro sama da miliyan 8, ya bar tashar. A watan Afrilu ya koma Greatest Hits Radio, wadda ke sa waƙoƙin 1970 zuwa 1990 da wani abu. A ƙidayar da ta biyo baya, Radio 2 ta rasa mutum kimanin miliyan 1. Cikin 2024 BBC ta nemi buɗe wata sabuwar tasha ta tsofaffin waƙoƙi zalla, amma hukumar da ke kula da gidajen rediyo a can ta hana cikin 2025, don kada ta danne ƙananan tashoshin da suka riga ta. Ka ga ashe dattijo ma, in an yi watsi da shi, ya san yadda ake murɗa akwati.

To, ga inda gizo ke saƙar a wajenmu. Shugaban tasha yana auna masu sauraronsa ne da kiran waya da saƙon tes da wasiƙu. Wa ke yawan kira? Yaran birni masu kati a waya. Dattijon da ke sauraro awa biyar kullum a ƙauye bai taɓa kira ba, don haka a lissafin ofis kamar ba shi. Wannan sauyi da Baba ya gani, yadda lissafi ya kawo shi haka lissafi zai iya ɗauke shi. In kuna son ya ɗore, sai ku nuna kuna nan. Ku sa ɗa ko jika ya rubuta, ku faɗi garinku, da waƙar da kuke so, da lokacin da kuke samun sukunin sauraro, domin lokacin damina daban yake da na rani. In kun je sayen taki ko magani saboda tallar da kuka ji, ku gaya wa dillalin a wace tasha kuka ji, maganar tana komawa sama.

Abu na biyu shi ne faifan kansu. Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, Shata cikin 1999, Barmani cikin 2013, Ɗan Maraya cikin 2015, Allah ya jiƙansu. Ba mai sake shigo da su ɗakin ɗaukar murya. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cinye shi, shi ya sa za ku ji 'yan waƙoƙi ƙalilan ake ta maimaitawa. Wanda ke da tsofaffin kaset ko faifan garmaho a adaka, musamman na makaɗan noma da na dambe da na fadar garinku waɗanda ba su yi suna a birni ba, ya raba su da rana da damshi. Ya kai a juye masa a kwamfuta, ya tsaya a gabansa a mayar masa da kayansa. Tashoshi kuma su tuna mawaƙan nan sun bar iyali, kuma waƙa tana da haƙƙin mallaka ko bayan ran mai ita.

Kai kuma ɗan'uwa na Gumel, kwantar da hankalinka. Ba wanda ya ce a kori kiɗanku, yini yana da faɗi. Amma ka daure ka zauna kusa da mahaifinka in an sa Narambaɗa, ka tambaye shi ma'anar kalmomin da suka shige maka duhu. Da yawa daga mawaƙan da ke cikin memorinka wajen waɗannan tsofaffi suka ɗebo salo da kirari. Da tsohuwar zuma ake magani.

 Sauran wasiƙu suna nan a ajiye, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.