Intanet da Ƙarfin Faɗa-a-ji Tsakanin Ƙasashe



A da, idan za a auna ƙarfin ƙasa, sojojinta da jiragen yaƙinta da baitulmalinta ake dubawa. Har gobe ana wannan lissafi, sai dai intanet ta ƙaro wani ma'auni. Hujjata a yau ita ce: intanet ta sa kai hari ya yi araha, amma ba ta raba iko daidai tsakanin manyan ƙasashe da ƙanana ba.

Mu fara da arahar. A 2007, bayan gwamnatin Estoniya ta ɗauke wani mutum-mutumin sojan Tarayyar Sobiyet daga tsakiyar babban birninta, sai aka yi wa shafukan bankuna da ma'aikatu da jaridun ƙasar ruwan saƙonni har suka durƙushe. An zargi Rasha, ta musanta. Shekara guda bayan nan, ƙungiyar NATO ta kafa cibiyar tsaron intanet a wannan birni.

A 2010 kuma aka gano manhajar Stuxnet a Iran. Ta kutsa cikin na'urorin tace yuraniyom na Natanz, tana sauya saurin juyawarsu har suna lalacewa, alhali allon da ke gaban injiniyoyi yana nuna musu komai lafiya lau. Rahotanni sun ɗora alhakin a kan Amurka da Isra'ila, amma ba wadda ta amsa a hukumance. A nan ne matsalar take: mai jifa yana ɓoye hannu. Ƙasar da ba ta tabbatar da wanda ya cuce ta ba, wa za ta rama wa, wa za ta kai ƙara?

Sai dai kada wannan ya ruɗe mu mu ɗauka kowa ya zama ɗaya. Intanet ba a iska take ba. Wayoyi ne shimfiɗe a ƙarƙashin teku, da rumbunan adana bayanai, da ƙananan kayan lantarki da mafi ingancinsu a Taiwan ake ƙera su. Mai waɗannan shi ne mai iko. Shi ya sa Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin Huawei na Sin takunkumi a 2019. Shi ya sa kuma, da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022, sojojin ƙasar suka dogara da taurarin ɗan'adam na Starlink, wato mallakar kamfani mai zaman kansa. Yau kamfani ma yana da bakin magana a fagen daga.

Mu ma mun ɗanɗana. A Maris 2024, wayoyin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da sadarwa ta cije a Najeriya da Gana da maƙwabtansu. Ba hari ba ne, amma ya nuna yadda al'amuranmu suka rataya a kan 'yan igiyoyin da ba mu da iko da gyaransu.

Saboda haka, ƙasar da ke son a ji muryarta sai ta horar da ƙwararrunta, ta yawaita hanyoyin sadarwarta, ta adana muhimman bayananta a gida, ta kuma zauna a inda ake tsara dokokin wannan fage. Horar da ƙwararrun nan kuwa aikin jami'o'inmu ne.