Waɗanda Suka Haƙa Rami Ba Su Fita Ba

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12, inda Bitrus yake ɗaure a kurkuku, ikilisiya kuwa tana yi masa addu'a.

A daren 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a Jihar Borno. Cikinsu 57 suka kuɓuta tun da fari, wasu ta wurin dirowa daga manyan motoci cikin duhu. An sako 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, amma har aka cika shekara goma akwai iyayen da ba su ga 'ya'yansu ba. A nan jiharmu ma, a Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Saboda haka maganar kamammu ba labarin nesa ba ne a gare mu.

Bari mu kai ku baya, zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu suke kira yaƙin Hitila, wanda ya kai kakanninmu har ƙasar Bama. Jamusawa suna da wani sansanin fursunonin yaƙi kusa da garin Zagan, cikin ƙasar Folan ta yanzu, inda suka tsare sojojin sama na Ingila da abokanta. Da gangan suka gina shi a kan rairayi. Duk mai haƙar rijiya ya san halin rairayi: kana haƙa, yana ruftowa. Duk da haka fursunonin suka haƙa rami mai zurfin kamar mita 9, tsawonsa ya wuce mita 100. Katakon gadajensu suka ciccire suka tokare bangon ramin. Gwangwanayen madara suka harhaɗa suka yi bututun iska. Ƙasar da aka haƙo launinta dabam ne da ta sama, don haka wasu suka riƙa ɗura ta cikin 'yan jakunkuna a cikin wandunansu, suna yawo a fili kamar masu shan iska, suna zubar da ita kaɗan kaɗan. Wasu ɗinkin tufafi suke yi, wasu kuwa aikinsu kawai su zauna suna duban inda masu gadi suka nufa.

Mutum fiye da 600 suka sa hannu, alhali an shirya 200 ne za su fita. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Mutum ya ba da katakon gadonsa, ya yi watanni yana kwana a wahale, ya kuwa sani mai yiwuwa ba zai taɓa shiga ramin nan ba. A daren 24 ga Maris 1944, mutum 76 suka fita kafin mai gadi ya farga. An sāke kama 73. Bisa umarnin Hitila aka harbe 50 daga cikinsu. Uku kaɗai suka isa gida, biyu 'yan Norwe, ɗaya ɗan Holan.

To, mu koma wurin Bitrus. Mun saba jin wannan sura kamar labarin farin ciki zalla: mala'ika ya zo, sarƙoƙi sun zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, baiwar nan Roda ta ji muryarsa, don murna ta bar shi tsaye a waje. Amma surar da kisa ta fara. Kafin a kama Bitrus, Hirudus ya riga ya sa an kashe Yaƙub ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ikilisiya guda ce, Allah ɗaya ne, amma Yaƙub bai fito ba. Wanda ya ce wa iyaye da sun ba da gaskiya sosai da ɗansu ya dawo, bai karanta ayoyin farko na wannan sura ba, ya kuma ɗora musu kaya a kan kaya. Muna roƙon masu wa'azi su daina irin wannan magana.

Abin da ya kamata mu duba shi ne mutanen da suka taru a gidan Maryamu, uwar Yahaya Markus. Sun yi makokin Yaƙub, amma ba su watse ba. Ba su da ikon buɗe kurkuku mai sojoji 16. Abin da suke da shi, wato dare da gida da gwiwoyi, shi suka bayar.

Yawancinmu nan ne matsayinmu. Idan aka ɗauke wani daga unguwa, makon farko gidan cike yake da masu jaje. Bayan wata biyu fa? Masara ta isa girbi, ba mai karya ta. Rake ya isa sara, mai gona yana daji a ɗaure. An sayar da shanun huɗa, an kori yara daga makaranta saboda kuɗi. Anan ne ake bukatar masu jidar rairayi: matasa su yi gayya a gonar, zumuntar mata su ɗauki tukunyar gidan rana rana, dattawa su je wurin shugaban makaranta. Kada mu tambayi ko gidan na Kirista ne. Yawancin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a Saya-Saya cikin Ikara a Satumba 2023, a masallaci aka same su, maƙwabtanmu ne kuwa. Wanda kuma Allah ya dawo da shi, musamman mace, kada mu tare ta da tambayoyi ko tsegumi. A ba ta ruwa da abinci, a kai ta asibiti, a zauna kusa da ita a majami'a.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka san inda kowane kamamme ya kwana daren jiya. Ka buɗe musu hanya, ka ta'azantar da waɗanda nasu ba su dawo ba, ka ba mu ƙarfi kada mu gaji da gidajensu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.