Zane da Ta'asar Yaƙi: Wa Zai Tsaya Mana Shaida?

(Jawabin da aka gabatar a gaban ɗaliban ƙasar Gwarzo da Kabo, a zamansu na lokacin hutu a garin Garo)



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau zai zo wa wasunmu baƙo, domin a ƙasar Hausa in an ce zane, abin da ke fara zuwa a rai shi ne dagi a goshin soro, ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko zayyana a allon mai sauka, ko kuwa zaki da dawisun da muke gani a bayan manyan motocin da ke bin titin Gwarzo. Waɗannan duka ado ne, kuma ba mu raina su ba. Amma akwai wani aiki na daban da zane yake yi wa al'umma, watau ya tsaya mata shaida a kan zaluncin da aka yi mata, ko wanda ta yi wa wasu, a ranar da baki ya kasa magana. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, a kan wannan gani ne za mu tsaya.

Bari mu fara da gida. A farkon watan Fabrairu na 1903 sojojin Turawan Ingila suka fasa Bebeji, a nan kudu da mu, ran 3 ga watan kuma suka ci Kano. Ran 27 ga Yuli na wannan shekara suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, tare da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira. Masu tarihi sun rubuta cewa an yanke kansa, aka ɗauki hotonsa, aka yi ta nunawa a garuruwa don kowa ya san an gama. Bayan shekara uku, a watan Maris na 1906, aka rushe Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe mutum wajen 2,000, akasarinsu talakawa ne da bayin da suka gudo, makamansu gatari da fartanya. Ku lura da abu guda. A Burmi akwai hoto, amma wanda ya yi kisan ne ya ɗauka, don ya firgita na raye. A Satiru kuwa babu wani ɗan ƙasa da ya bar mana siffar ko da mace guda mai neman ɗanta a cikin toka. Ashe ke nan hoton yaƙi iri biyu ne: akwai na mai rinjaye, wanda ake yi don alfahari da tsoratarwa, akwai kuma na mai shaida, wanda ake yi don a mayar wa mamaci da mutuncinsa. Na farkon mun san shi tun 1903. Na biyun ne muke nema.

Domin mu gane yadda mai shaida yake aikinsa, sai mu ɗan leƙa ƙasar Sifaniya, inda mutum biyu suka yi fice a wannan fage. Na farko shi ne Goya. Sojojin Napoliyon na Faransa sun mamaye ƙasarsa a 1808, shi kuwa tsakanin 1810 da 1820 ya karce zane 82 a kan farantan jan ƙarfe, irin waɗanda ake shafa wa tawada a buga a takarda. Kafin shi, abin da aka saba gani a zanen yaƙi shi ne sarki bisa ingarma, tuta tana kaɗawa. Goya ya kawar da kai daga sarki, ya dubi wanda kofaton ingarman ya taka: mutanen da aka rataye a itatuwa, da matan da sojoji ke ja, da yunwar da ta faɗa wa birnin Madrid. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne bai ɓoye laifin mutanensa ba, ya zana manomin Sifaniya yana saran sojan Faransa da gatari, fuskarsa ba alamar imani. Ba a buga waɗannan zane-zane ba sai a 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa.

Na biyu shi ne Pikaso. Ran 26 ga Afrilu 1937, ranar kasuwa, jiragen Jamus da Italiya suka yi wa garin Gernika ruwan bama-bamai. Cikin 'yan makonni ya yi zanen da ya sa wa sunan garin, mai faɗin mita kusan takwas, da baƙi da fari da ruwan toka kurum. Babu jirgi a ciki, babu bom. Akwai doki yana haniniyar mutuwa, da uwa riƙe da gawar jaririnta ta ɗaga kai sama, da hannun da ya guntule yana riƙe da karyayyen takobi. In kuna son ku san ko masu mulki na shakkar irin wannan aiki, to ga misali. An saƙa kwafinsa an rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairu na 2003, sa'ad da sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya zo kawo hujjar yaƙar Iraƙi, sai aka lulluɓe shi da labule. An ce don masu ɗaukar hoton talabijin aka yi, amma duniya ta ga abin da aka rufe.

Yanzu mu dawo Zariya, domin a nan ne zancen ya fi shafarmu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Manufarsu ita ce kowa ya koma ga zanen gargajiyar mutanensa, ya gauraya shi da abin da ya koya a aji, maimakon kwaikwayon Bature. Uche Okeke a Kafanchan ya tashi, watau ɗan Arewa ne ta wajen zama. Ba a yi shekara goma ba ƙasa ta rikice. Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe. Wannan ciwo ne da iyayenmu ba su manta ba. A watan Mayu, sa'an nan a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa. A Kano, ran 1 ga Oktoba, sojoji suka buɗe wa fararen hula wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. An kuma kashe 'yan Arewa a garuruwan Gabas. Daga nan sai yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, da kisan maza da samari a Asaba a Oktoba 1967, da yunwar da ta cinye yara ba adadi.

Su wa suka zana wannan? Mutanen Zariya ne. Uche Okeke ya yi zanen iyalin 'yan gudun hijira tun a 1966. Obiora Udechukwu ya shiga jami'ar Zariya a 1965, bai yi sama da shekara guda ba rikici ya kore shi zuwa Nsukka, ya kuwa shafe shekaru yana zana fuskokin waɗanda suka rasa gida da waɗanda yunwa ta tsotse. Daga baya ya ɗauki salon uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya riƙa fitar da mutum da siririn layi guda, kamar yadda wahala ke rage mutum har ya koma ƙashi da ido. Demas Nwoko ya zana sojoji a 1967, ya kuma gina wani da yumɓu a 1968 bisa salon mutum-mutumin Nok, inda kayan yaƙi suka rinjayi kamannin ɗan Adam. Simon Okeke ya rasu a 1969, yaƙin bai ƙare ba. Gaskiya ne wasunsu sun yi wa gwamnatin Biyafara aikin farfaganda, kuma mai farfaganda gefe guda yake nunawa. Amma ayyukansu da suka rayu har yau su ne waɗanda ba su ce a ƙi kowa ba, sai dai a dubi wannan uwa da wannan yaro.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ina namu? An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya faru a Sabon Gari a 1966 a garinmu ya faru, tafiyar sa'a guda ko biyu daga inda muke zaune. Akwai waɗanda suka ɗauki makami, akwai kuma bayin Allah da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka har ƙura ta lafa. Dukansu biyun namu ne. Da yawa daga cikinmu mun gama sakandare ba a taɓa nuna mana siffar ko ɗaya ba, kamar yadda ba a nuna mana Satiru ba. Al'ummar da ba ta duban abin da hannunta ya aikata, kuma ba ta ajiye shaidar abin da aka yi mata, labarinta a bakin wasu za a ji shi, su kuwa yadda suka ga dama za su faɗa.

Mun sani wani zai ce addini ya hana. Wannan fage ne na malamai, kuma ga su nan zaune, sun fi mu sani. Abin da muka karanta a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne, abin da aka haramta kai tsaye shi ne surar mai rai wadda take cikakkiya, mai inuwa, irin gunki. Wadda take shafe a takarda ko bango hukuncinta bai kai can ba, zanen abin da ba shi da rai kuwa babu saɓani a kansa. Ko da mun tsaya a wannan na ƙarshe, fili ya ishe mu. Rumbun da aka ƙone, da takalman da aka bari a ƙofar masallaci ba wanda ya fito ya sa, da allon da ya tsage: wa zai ga waɗannan bai gane ba?

Kuma akwai masu zane daga ƙasashen Musulmi da suka riga mu. Ibrahim El-Salahi na Sudan ɗan malamin makarantar allo ne, kuma daga harafin Larabci zanensa ya tsiro. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba shari'a. A can ya riƙa zane a 'yan guntayen takardar buhun siminti, yana binnewa a cikin yashi kada masu gadi su gani. Dia Azzawi na Iraƙi kuwa, da aka yi wa Falasɗinawa kisan kiyashi a sansanonin Sabra da Shatila a Satumba 1982, ya yi zane mai faɗin mita bakwai da rabi a kan takarda, wanda yanzu yake hannun gidan ajiyar zane na Tate a Landan. Alƙalami da tawada da takarda, ai duk almajiri ya san su.

Kada a ɗauka zancen da ne kurum. Ran 20 ga Janairu 2012 hare-haren Boko Haram sun kashe mutum sama da 180 a Kano. Ran 28 ga Nuwamba 2014 an kashe sama da 100 a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara, a jihar Katsina da muke iyaka da ita. Duk sa'ad da irin wannan ya auku, kafin a yi jana'iza hotunan gawarwaki sun cika wayoyinmu, muna ta tura wa juna. Mu tambayi kanmu, wannan wane iri ne cikin biyun da muka ambata? Gawa ce ba suna, ba sutura, ba izinin iyalinta. Mai kallo ya razana yau, gobe ya saba, jibi ya wuce. Wanda ya yi kisan kuwa abin da yake so ke nan, a yaɗa masa tsoro kyauta. Aikin hoton Burmi ne muke yi da yatsunmu.

Ku gwada wannan da abin da Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara a 2015. Ta ɗauki kyamara ta bi 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a Barno, don duniya ta ga cewa mutanen da ake ƙirgawa da lamba suna da fuska da sana'a da dariya. Haka kuma a 2022 ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife, tare da wata mai sassaƙa Bafaranshiya, Prune Nourry, suka gina kawuna 108 da yumɓu, kowane a madadin yarinya guda cikin 'yan matan Chibok da ba a gano ba a lokacin, bayan sun nemi yardar iyayensu sun karɓi hotunansu. Mai saɓa wa ginin mutum-mutumi yana da hujjarsa, amma darasin yana nan: sun nemi izini, sun ɓata lokaci a kan kowace fuska, sun ƙi yarda a dunƙule yaran a cikin jimla guda.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, duk wanda hoton gawa ya iso wayarsa, ya tsaya a kansa, kada ya wuce. Na biyu, ƙannenmu masu baiwar hannu, waɗanda ake yi wa faɗa don suna zane a bayan littafin lissafi, a bar su, a saya musu takarda, wanda ya kai kuma a ƙarfafa shi ya nemi sashen zane na Zariya. Na uku, mu da muke jami'a mu yi amfani da wannan hutu mu zauna da tsofaffinmu na Garo da Gwarzo da Kabo, musamman waɗanda suka je fagen basasa da waɗanda suka ga 1966 da idonsu, mu rubuta abin da suka gani, mu miƙa wa masu zanenmu. Kowace shekara suna raguwa, in kuwa suka tafi da shi, ya tafi ke nan.

 Allah Ya ji ƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, namu da na wasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.