Kwat da Laktaye a Zafin Bazara



A shekarar 2005 gwamnatin Japan ta fito da wani tsari mai suna Cool Biz. Ministar muhalli ta lokacin, Yuriko Koike, ta nemi ma'aikata su ajiye kwat da laktaye a lokacin zafi, a kuma tsayar da na'urar sanyaya ofis a maki 28 don rage shan wutar lantarki. Firaminista Koizumi da kansa ya riƙa fitowa ba laktaye. Aiki bai tsaya ba, mutuncin kowa bai zube ba.

To, mu fa? A watan Afrilu zafi kan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, amma ka ga ma'aikacin banki ya shaƙe wuyansa da laktaye, gumi ya jiƙe masa kwat sharkaf, janareta kuma na ta shan man dizal domin a sanyaya shi. Abin da ban tausayi. Ranar Juma'a kaɗai ake barinsa ya sa kaftani da hula, alhali kaftanin nan shi ya dace da ƙasarmu, ga kamala, ga shan iska.

Shugabannin ma'aikatu, don Allah ku sake duba dokar tufafin nan kafin bazara mai zuwa.