Ciwon Marfan Da Sarƙewar Numfashi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Abin da zan yi muku bayani yau wani ciwo ne na gado da ake kira ciwon Marfan, don wani likitan yara na Faransa, Antoine Marfan, shi ne ya bayyana shi cikin 1896. Cikin 1991 kuwa aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi. Ana lissafin wajen mutum 1 cikin 5,000 ke da shi. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa da suka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira.

Asalinsa rauni ne na zaruruwan da ke ɗaure sassan jiki. Mai shi yakan zama dogo siriri, mai dogayen hannuwa da yatsu, ƙirjinsa ya lotsa ciki ko ya turo waje, ƙashin baya ya karkace. Waɗannan kan matse huhu, su hana shi buɗewa sosai.

Wani abu mai haɗari shi ne, waɗansu ƙuraje masu iska kan fito a saman huhu. In ɗaya ya fashe, sai iska ta taru cikin ƙirji ta danne huhun. Alamarsa suka ce farat ɗaya a gefe guda, da sarƙewar numfashi. Babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ita ma tana iya tsagewa, da zafi mai tsanani a ƙirji ko a baya.

To, ga abin da muke roƙo ku sanar da dagatai da masu unguwanni. Wanda wannan ya same shi, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga, gama iskar tana can ciki. Likita zai ɗauki hoton ƙirji, in ta yi yawa ya zuƙe ta da allura ko da bututun roba. Mai wannan ciwo ya bar taba, da dambe, da kokawa, da ɗaukar kaya masu nauyi, ya riƙa zuwa ana duba zuciyarsa kowace shekara. 'Yan'uwansa na jini su ma a duba su.

Ba a raba mutum da ciwon, amma in ana lura da shi yakan kai tsufa. Allah shi ba mu lafiya, amin.