Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Zanen Gine-gine



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya, malamai, iyayen yara, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa, barkanmu da ganin wannan rana.

A cikinku akwai waɗanda wata rana za a damƙa wa zanen majalisa, ko kotu, ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Ku sani, ginin hukuma yakan yi wa talaka magana tun kafin ma'aikaci ya buɗe baki. Doguwar katanga da waya mai ƙaya korarsa suke yi, alhali da harajinsa aka yi ginin, da ƙuri'arsa na ciki suka hau kujera.

Da Jamus ta sabunta majalisarta a Berlin a 1999, Norman Foster ya ɗora mata ƙubbar gilashi, jama'a na hawa suna hango wakilansu a ƙasa. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya lashe kyautar Pritzker a 2022, ya zana majalisar Jamhuriyar Benin da siffar itaciyar da dattawa kan yi shawara a gindinta.

Mu ma muna da abin gado. Ku je Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ku ɗaga kai ku ga yadda aka ɗaure azara aka lanƙwasa bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti. Ku tuna da zaure: nan baƙo ke samun tabarma da ruwan sha, nan mai ƙara ke faɗin damuwarsa.

Kada ku tsaya ga kafa zanko da zana dagi a goshin gini ku ce kun raya al'ada. Ku ɗauko hikimar kanta: bango mai kauri da ke tare zafin bazara ko an ɗauke wuta, inuwa da wurin zama ga tsohon da ya zo bin fansho, hanyar da keken gurgu zai bi har gaban alƙali, da faffaɗan wurin da jama'a za su zauna su ji abin da wakilansu ke faɗa da sunansu. Ku zauna da magina na gargajiya, gwiwa a ƙasa, ku karɓi ilimin da ke hannunsu.

Allah ya yi muku albarka, ya sa al'umma ta amfana da ku.